Ka Kama Ɗaki, Cikinka Yana Gidan Mma

A wani shirin dare da nake gabatarwa a rediyo na taɓa jefa wa masu saurare tambaya guda: ya dace saurayi ya kama ɗakin haya alhali bai iya dafa abin da zai ci ba, bai kuma san nawa ake sayar da olonkar shinkafa a kasuwa ba? Kafin in rufe baki layukan waya sun cika. Wanda ya fara shigowa saurayi ne, ya ce, "Malam, mu maza ne, ba 'yan daudu ba." Na biyu dattijo ne daga Aboabo, ya ce in ji tsoron Allah in daina lalata tarbiyyar yara, Allah ya riga ya raba wa kowa aikinsa. Sai wata baiwar Allah ta kira daga Sawaba, ta yi dariya mai isarta, sannan ta ce, "Ka tambaye su wa ke kai musu tuwo da magariba." Ta kashe wayarta.

Lokaci ya ƙare ban faɗi nawa ba. Haka aikin rediyo yake, talla na jiranka, mai labarai na tsaye a bakin ƙofa. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, don a nan babu mai ɗaga mini hannu ya ce saura minti ɗaya.

Matsayina shi ne: duk saurayin da ya bar gida bai iya cefane da girki ba, katifarsa kawai ya canza wa wuri. Cikinsa yana nan inda ya bar shi, kuma akwai wata mace da ke biyan kuɗin wannan rashin sani nasa, ko uwa, ko ƙanwa, ko matar da zai aura gobe. Laifin kuma mafi yawansa namu ne, mu manya da iyaye, da muke korar yaro daga madafa yana shekara bakwai, sannan mu yi mamakin ya kai talatin bai san bambancin kanwa da gishiri ba.

Kada a ɗauka daga kan tudu nake wannan magana. Ni ne mutumin da nake zagi.

A Akwatialine aka haife ni, a irin gidajen nan namu na Zangon Kumasi masu ɗakuna jere da tsakar gida ɗaya, inda kurfoti biyar ke ci lokaci guda da yamma. Tun ina ƙarami, in na matso kusa da tukunya, Mma takan ɗaga muciya ta ce, "Fita, me namiji ke nema a nan?" Na fita kuwa, na yi shekara ashirin ina fita. Da na tafi Accra karatun aikin jarida, a gidan kawuna na sauka a Nima, can ma kwanona na jirana a rufe. Na dawo da difloma, na iya rubuta labari a sakin layi biyar, na iya yi wa ɗan siyasa tambayar da za ta sa shi gumi, amma ban taɓa dafa ruwan zafi da niyyar ciyar da kaina ba.

A shekarar 2015 na samu aiki, na ce girma ya zo, sai ɗaki. Dokar haya ta Ghana ta 1963 ta ce kada mai gida ya karɓi kuɗin gaba fiye da na wata shida, amma duk wanda ya taɓa neman ɗaki a Kumasi ya san wannan doka a takarda take kwana. Na shekara biyu aka ce in kawo. Na tattara adashina, na ranci sauran, na sayi katifa da fanka da labule da talabijin, a shekarar da wutar lantarki ta fi kowace shekara wasan ɓuya da mu, wadda muka sa wa suna dumsor. Ban sayi tukunya ko ɗaya ba. Ko a mafarki ba ta zo mini ba.

Da safe koko da ƙosai. Da rana waakye da ƙwai da wele. Da dare Indomie wajen mai shayi, in aljihu ya yi nauyi a ƙara da tsire. Kowane saye ƙarami ne, babu wanda zai sa ka tsaya ka yi tunani. Amma duk ranar 18 ga wata sai in laluba aljihu in ji wayam. Daga nan sai bashi. Akwai wata Hajiya mai waakye a bakin layinmu da ta buɗe mini shafi a littafinta. Ran nan cikin watan Nuwamba, an gabatar da kasafin kuɗin ƙasa a majalisa, na kwashe awa biyu a rediyo ina caccakar gwamnati a kan cin bashi da kashe abin da ba ta da shi. Washegari na je na miƙa kwano na ce a rubuta. Hajiya ta zuba, ta sa shito, ta ɗago kai ta ce a gaban mutane, "Ɗana, jiya na ji ka kana koya wa gwamnati lissafi. Allah ya sa ita ma ba shafi biyu gare ta a wajena ba."

Aka kwashe da dariya, ni ma na yi, amma waakyen nan bai wuce maƙogwarona da daɗi ba.

Mai hankali da ya tafi kasuwa ya sayi tukunya. Ni kuwa sai na koma ga hanya mafi sauƙi, na sa aka riƙa kawo mini abinci daga gida. Ƙanwata ce mai kawowa, tana shekara goma sha huɗu, tana shirin jarrabawar gama ƙaramar sakandare. Kullum in ta taso daga boko ta wuce makarantar allo, ta dawo ta taya Mma tuƙa tuwo, sannan ta ɗauki kula ta taka zuwa ɗakina. Wata shida ana haka ban ga komai a ciki ba. Sai wani dare na damina, saura 'yan makonni jarrabawa, aka tsuge da ruwa irin wanda ke cika kwatocin Aboabo. Na ji ƙwanƙwasa, na buɗe, ga ta sharkaf tana rawar sanyi. Ta naɗe kular tuwona cikin hijabinta don kada ruwa ya taɓa, littafin lissafinta kuwa da ta riƙo don ta yi bita a hanya ya zama kamar fura. Ta ce, "Yaya, yi haƙuri na makara."

Ita ce ke ba ni haƙuri. A daren nan na gane wa ke biyan kuɗin 'yancin da nake taƙama da shi.

Yanzu mu dawo kan hujjojin masu kira, ɗaya bayan ɗaya, don ba na son a ce na guje musu.

Hujja ta farko: girki aikin mata ne, namiji a gaban murhu abin kunya ne. To, a zaga Zango da ni. Wa ke gasa tsiren da duk Ghana ke kira chichinga? Maza. Wa ke soya ƙwai da Indomie har ƙarfe biyun dare? Maza. Wa ke fawa, ya san kowace gaɓar sa da sunanta da farashinta? Maza. Ka leƙa kowace majalisar samari, wadda muke kira bes, za ka tarar da ƙato ya durƙusa gaban ƙaramin kurfoti yana fifita gawayi, yana dafa ataya zagaye uku, yana auna sukari da na'ana'a da natsuwar mai haɗa magani, yana ɗaga buta sama don kumfa ta tashi. Awa uku zai yi a haka babu wanda ya kira shi ɗan daudu. Ashe wutar ba ita ce abin kunyar ba. In an dafa don a sayar, sana'a ce. In an dafa don a yi hira, gayu ne. Sai in an dafa don a sauke wa uwa ko ƙanwa nauyi ne yake zama abin kunya. Wannan ba al'ada ba ce, lalaci ne aka sa wa rawani.

Mai cewa addini ne ya hana, ya koma wajen malaminsa ya tambayi abin da Nana A'isha ta faɗa da aka tambaye ta yadda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake zama a gida. Ta bayyana cewa yakan kasance cikin hidimar iyalinsa, in lokacin salla ya yi ya fita. Yana cikin Bukhari, kuma ɗalibin da ya fi kowa zama a baya ya san shi. Ban ga inda za a laɓe a nan ba.

Mai cewa gadon kakanni ne, ya tambayi kansa ma'anar sunan unguwar da yake zaune. Zango masaukin ayari ne. Kakanninmu fatake ne da ke tasowa daga Kano da Katsina da sauran ƙasar Hausa, su yi watanni a hanya zuwa Gwanja neman goro, kafin yaƙin Salaga na 1892 ya watsa kasuwar, jama'a su bazu zuwa Kete-Krachi da Kumasi da sauran garuruwa. Gaskiya ne akwai mata a cikin ayari, kuma suna girki. Amma falken da bai iya lissafin guzurinsa ba, bai san mudu nawa na gero zai kai shi zango na gaba ba, bai san abin da zai saya a nan don ya yi tsada a can ba, wannan ba ya ganin Salaga. Lissafin ciki shi ne darasin farko na fatauci. Abincin da suka zo da shi kuwa shi ne ya mamaye ƙasar nan: waakye daga wake sunan ya fito, ga koko da ake kira da sunan Hausawa, ga ƙosai, ga masa, ga funkaso, ga fura, ga tuwon zafi da kowane Ba'ashante ya san shi. Al'ummar da ta ciyar da ƙasa guda ita ce yau take haihuwar samarin da ba su iya jiƙa wake ba.

Hujja ta biyu ta fi ta farko nauyi, kuma zan ba ta haƙƙinta. Ana cewa ga mutum ɗaya, saye a waje ya fi araha: ga kuɗin gas ko gawayi, ga tukwane, ga miyar da za ta lalace in babu firiji ko an ɗauke wuta. Akwai gaskiya a nan. Babu mai hankalin da zai tashi da asuba ya jiƙa gero, ya kai niƙa, ya tace, don kofi ɗaya na koko. Wannan a bar wa masu shi, sun fi mu iyawa, kuma da cinikin nan suke biyan kuɗin makarantar 'ya'yansu. Ba na kiran kowa ya ƙaurace wa iyayenmu masu sayar da abinci.

Amma a ɗauki biro mu yi lissafi. Mu ce koko da ƙosai sidi 8, waakye na rana sidi 20, na dare sidi 20, ruwan leda sidi 2. Ban sa nama ba, ban sa lemo ba, kuma kowa na iya cire nawa ya sa farashin layinsu. Sidi 50 ke nan a rana, 1,500 a wata. A shekarar 2024 mafi ƙarancin ladan ma'aikaci a Ghana sidi 18.15 ne a rana, ko ka ninka shi sau 30 bai kai sidi 550 ba. A 2023 aka ƙara alawus ɗin mai hidimar ƙasa zuwa sidi 715.57 a wata. Yaron da ke koyon walda ko gyaran mota a Suame Magazine, sau da yawa abin da maigidansa ya miƙa masa da yamma shi ne nasa. To, ina ragowar ke fitowa? Daga littafin Hajiya, daga tukunyar Mma, daga bashin waya mai ruwa, wani lokaci kuma daga hanyoyin da ba ma son ambata a gaban iyaye. Da na fara rubuta abin da nake kashewa, na riƙa dafa na rana da na dare da kaina, abin da ciki ke ci a wata ya sauko kusan rabi. Wancan watan ne na fara ganin ranar 28 da kuɗi a aljihu.

Maganar lalacewar miya kuwa, wanda bai iya ba ne take kama shi. Shito in an soya shi da kyau mai ya rufe kansa yana makonni babu firiji. Gari ba ya lalacewa. Wake da shinkafa da garin masara da busasshen kifi da daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa ba su san dumsor ba. Iyayenmu sun yi shekaru suna ciyar da gida babu firiji, da ɗumame da dabara. In kuma tukunyar mutum ɗaya ta yi tsada, ku haɗu ku uku da ke gida ɗaya, ku sayi gas tare, kowa da ranarsa. Kuna haɗa kuɗin kallon ƙwallo, me zai hana na shinkafa?

Hujja ta uku ita ce wadda ta fi ba ni tsoro: "Ai zai yi aure." Wato mun amince za mu miƙa wa 'yar mutane mijin da bai taɓa taka kasuwa ba, kuma shi ne zai riƙa yanke kuɗin cefane. A nan ne gidaje ke kama wuta.

Hukumar ƙididdiga ta Ghana ta ce a watan Disamba na 2022 hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin ɗari, na abinci kuwa ya kusa kashi 60. Matan Zango ba su jira sanarwa ba, sun gani a kwanon awo tun da wuri. A ranar 26 ga Yulin 2023 sojoji suka yi juyin mulki a Nijar, ECOWAS ta rufe iyakoki, motocin albasa suka maƙale a hanya, albasar Galmi da muke yankawa kamar ba gobe ta koma abin ƙirgawa da ɗaiɗai. Tumatirin rani da yawansa daga Burkina Faso yake zuwa, don haka duk abin da ya taɓa hanyar can sai ya taɓa miyarmu. Shinkafar da muke yi wa kallon ta gayu daga Vietnam da Thailand ake shigo da ita, kajin sanyi ma daga waje, don haka duk ranar da sidi ya faɗi a gaban dala, tukunya ce ke fara ji. Matar da ke zuwa Kejetia ko kasuwar Asawase ta san duk wannan ko ba ta taɓa jin sunan ECOWAS ba. Mijin da bai taɓa zuwa ba yana nan yana ajiye kuɗin da yake ajiyewa shekara uku da suka wuce, ya dawo da dare ya buɗe kwano ya ce ina nama. In ta ce bai isa ba, ya ce tana ɓoyewa tana zuba adashi. Na karanta saƙonni irin wannan a shirina har na gaji. Sunan cefane ba ya fitowa a takardar saki, amma sau da yawa shi ne ya rubuta ta.

Namijin da ya taɓa riƙe kuɗi a hannu ya tsaya gaban mai tumatir ya ji farashi ya ja da baya, wannan ba ya zargin matarsa da sata. Kuma ranar da ta haihu, ko zazzaɓi ya kwantar da ita, ba ya zama da yara suna kallon juna ana jiran maƙwabciya ta ji tausayi.

Kada kuma mu yaudari kanmu cewa 'yan mata sun tsira. Mun koya musu tuƙa tuwon mutum ashirin, amma ba mu taɓa buɗe musu lissafin ba. Yarinya ta iya miya kala goma, amma ba ta san nawa ke shigowa gidan ba, ba ta san yadda ake raba kuɗin wata ya kai ƙarshe ba, don kullum aikenta ake yi da abin da aka ƙirga. Ta tafi jami'a ko makarantar koyon jinya, a turo mata kuɗin wata ta MoMo, ta cinye a kwana goma, sauran kwana ashirin kuma akwai masu motoci da ke jiran irin wannan rana. Mun raba ilimi ɗaya gida biyu, mun ba mace tukunya babu lissafi, mun ba namiji kuɗi babu tukunya, sannan muna mamakin ba sa fahimtar juna.

Washegarin daren ruwan nan na je gida na ce, "Mma, koya mini girki." Ta dube ni ta ce, "Kai da na yi ta kora?" Na ce ni ɗin. Ta yi shiru, sannan ta ce, "To ba a murhu ake farawa ba." Ta kwance bakin zane ta ba ni kuɗin cefanen ranar, ta faɗa mini adadin da tsohon lissafi, don har yau ba ta yarda da canjin kuɗin 2007 ba, sidi 100 a wajenta miliyan ɗaya ne. Ta ce mutum tara za su ci, in je in dawo.

Na dawo da tumatir mai kyan gani da ya cinye sulusin kuɗin, da wake mai ƙwari, da kifin da ta sansana ta ajiye gefe ba ta ce komai ba. Matan gidan suka fito kallo. A wata ukun da suka biyo baya na koyi abin da babu shi a difloma. Ka duba gindin olonka kafin a auna maka, don akwai wadda aka buga ta shige ciki. Ka tsoma hannu cikin wake ka duba huda da gari. Tumatirin miya ba sai mai sheƙi ba, wanda ya nuna sosai ya fi araha, da yamma kuma farashi kan sauko. Kada ka saya a bakin kasuwa, ka shiga ciki. Ka riƙe mai sayarwa ɗaya ta san fuskarka, ita ce za ta yi maka gyara ta kuma faɗa maka ranar da kaya za su tashi. Kayan da ba sa lalacewa a saye su ranar da albashi ya shigo, kafin abokai su ji ƙamshinsa. Kayan ɗanye kuwa na kwana biyu ko uku. Kuɗin gas a ware shi gefe tun kafin ya ƙare, don bai taɓa ƙarewa ranar da kake da kuɗi ba.

Sannan aka zo murhu. Na ƙona shinkafa, na yi tuwo mai gudaji da yara suka riƙa jifan juna da shi, na zuba kanwa a wake har ya yi ɗaci. A hankali hannu ya faɗa. Na iya jiƙa wake in dafa shi da karan dafi har ruwan ya yi ja kafin in zuba shinkafa. Na iya haɗa garin masara da na rogo in tuƙa tuwon zafi, in kaɗa ayoyo da daddawa. Na iya soya miyar tumatir ranar Lahadi da za ta kai ni Laraba, yau da shinkafa, gobe da doya, jibi da taliya. Abinci shida na iya, ba su fi haka ba, kuma sun ishe ni. Na je na biya Hajiya shafukanta biyu. Har yau ina sayen waakyenta ranar Asabar, don nawa bai kama ƙafar nata ba, amma yanzu da kuɗi a hannu nake zuwa, kuma don ina so.

Ga abin da nake nema, kuma ba ya bukatar gwamnati ko tallafin kowa.

Iyaye mata, ku daina ɗaga muciya. Yaron da ya isa a aike shi sayen Maggi ya isa ya yanka albasa. Iyaye maza, kafin ku sa albarka a maganar kama ɗaki, ku yi wa yaro jarrabawa: a ba shi kuɗin cefanen gida na mako guda, ya je kasuwa da ƙafarsa, ya rubuta kowace pesuwa, ya dafa na dare sau uku a ci. In ya faɗi ya sake. In muna iya tambayar mai neman aure sana'arsa da asalinsa, muna iya tambayarsa nawa ne olonkar masara. Malamanmu na makarantun allo da masu wa'azi, kun yi mana bayani a kan tsawon hijabi har mun haddace, ku ba mu huɗuba ɗaya a kan namijin da ke cin guminsa da na ƙanwarsa.

Ku kuma samari, ba a fafe gora ranar tafiya. Da yawanku idonku na kan hanya, wani Accra, wani ƙasashen Larabawa, wani Bronx ta New York inda 'yan Zango suka yi yawa, wani ma ta Agadez, Allah ya tsare. Duk inda ka sauka babu Mma a can, babu Hajiyar da za ta buɗe maka shafi don ta san kakarka. Tun kana gida, tun gas ɗin ba naka ba ne, tun kuskurenka dariya kawai zai jawo, ka koya. Ka fara da littafi: wata ɗaya ka rubuta duk abin da ya shiga bakinka da kuɗinsa, kada ka canza komai, ka tara a ƙarshe. Adadin da za ka gani zai yi maka wa'azin da ni ban iya ba. Kuma ranar da za ka sayi kayan ɗaki, tukunya biyu da wuƙa da ludayi su riga talabijin shiga.

Saurayin da ya ce mini su maza ne, ban san sunansa ba, amma na san yana saurare, don irinsu ba sa barin shiri. Ɗan'uwa, na yarda kai namiji ne. Yau da magariba in an ƙwanƙwasa ƙofarka, ka buɗe ka dubi wanda ke riƙe da kular, ka tambaye ta me ta bari ta zo. Ƙanwata ta ci jarrabawarta, yanzu ma'aikaciyar jinya ce. In ta sauko daga aikin dare takan biyo ta gidana, ni nake zuba mata, kuma har yau tana cewa gishirina ya yi yawa.